Farfela mai gwamna: shin inci 26 a kan RPM 2100 zai cutar da inji?

SabonMatuƙi

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. Horona na tuƙin jirgin sama ya koma kan Piper Arrow mai injin Lycoming IO-360, ƙarfin doki 200, bayan na saba da jirgi mai kafaffiyar farfela, wanda totur kawai ake turawa a kalli RPM, wato yawan juyin inji a minti. Yanzu liba uku ce a hannu, baƙa ta totur, shuɗiya ta farfela, ja ta mai, ga kuma agogon matsin manifol da ake karantawa da inci.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dokar nan da kowa ke maimaitawa, wai kada lambar inci ta haura lambobi biyun farko na RPM. Wato idan RPM 2400 ne, kada a wuce inci 24, in ba haka ba inji zai lalace. To amma teburin da ke cikin littafin jirgin ya nuna kusan inci 26 a RPM 2100 don samun kashi 65 cikin ɗari na ƙarfi idan ana ƙasa-ƙasa. Wanne zan bi, maganar baki ko littafi?

Sannan me ya sa allurar manifol take hawa idan na ja shuɗiyar liba baya, alhali ban taɓa totur ba? Kuma bayan tashi, yaushe ya kamata a fara rage ƙarfi, da wace liba ake farawa? Na gode.

MalaminShawagi

Wa alaikumus salam. Littafi za ka bi, wannan ba abin ja ba ne. Amma sai ka san aikin kowace liba kafin teburin ya yi maka ma'ana.

Shuɗiyar liba ba ita ke murɗa fukafukan farfela ba. Wani sifirin take matsewa a cikin gwamna, na'urar da ke daidaita gudun farfela, wato kai ka faɗi RPM ɗin da kake so, gwamna kuma ya nemo kusurwar da za ta riƙe shi a nan. A cikin gwamnan akwai wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da inji ke juyawa. Idan inji ya fara wuce gudun da ka zaɓa, misali ka sunkuyar da hancin jirgi, sai ƙarafan su buɗe waje su ɗaga wani ɗan bawul, man inji ya bi ta ramin kiranshaf ya shiga fistan da ke cikin cibiyar farfela, fukafukan su ƙara cizon iska, nauyi ya ƙaru a kan inji, RPM ya dawo inda yake. Idan kuma gudu ya faɗi, sifirin ya rinjayi ƙarafan, bawul ya sauka, mai ya koma cikin inji, fukafukan su sassauta cizo. Duk wannan yana faruwa kafin idonka ya kama motsin allura. Gwamna yana da iyaka biyu, inda cizo ya ƙure a ƙarami da inda ya ƙure a babba. Da zarar fukafukan sun jingina da ɗaya daga cikinsu, farfelar ta zama kafaffiya, RPM ya koma bin totur da gudun jirgi. Shi ya sa a ƙasa, ko a dab da sauka, za ka ga totur ne ke motsa RPM.

Agogon manifol kuwa ba ƙarfin inji yake aunawa ba. Matsin iskar da ke tsakanin ƙofar totur da silindoji yake nunawa, da inci na zaiba. Idan inji a kashe yake, matsin iskar waje zai karanta, kusan 29.9 a daidai da teku, yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 ta tsayi. Idan inji yana silo, fistoci suna zuƙa amma ƙofar totur ta kusa rufewa, sai allura ta sauko wajen inci 10 zuwa 12. Ka buɗe totur duka a filin da ke daidai da teku, za ka ga 28 zuwa 29, domin matatar iska da lanƙwasar bututu suna cinye kaɗan.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu ta fito. Ka sauke RPM daga 2700 zuwa 2400, yawan zuƙar da fistoci ke yi a minti ya ragu, ƙofar totur tana nan yadda ka bar ta, don haka iska ta sami sararin cika manifol, allura ta ɗan hau. Ƙarfi bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Idan totur a buɗe yake duka, da ƙyar za ka ga ta motsa, tunda dama babu abin da ya shaƙe hanyar.

Ita dokar "kada inci ya wuce RPM" dacen lambobi ne kawai. Inci ma'aunin matsi ne, RPM ma'aunin juyi ne, ba abin da ya haɗa su. Da agogon da hektofaskal, wani ma'aunin matsi, yake karantawa, inci 25 zai fito kusan 847, da babu wanda zai yi tunanin gwada shi da 2500. Ka kuma tuna jirgin da ka baro. Duk ranar da ka tura totur ɗinsa duka a kan titin tashi, yana farawa ne da RPM wajen 2300 da matsin manifol sama da inci 28 idan filin ba mai tsayi ba ne. Agogon ne kawai babu, shi ya sa hankalin kowa kwance. Turbo Arrow yana tashi da inci 41 a RPM 2575. Tun a 1944 Charles Lindbergh ya nuna wa matuƙan jiragen yaƙi P-38 a yaƙin tekun Fasifik cewa sauke RPM, riƙe matsin manifol sama da rage mai yana ƙara musu nisan tafiya sosai, injinansu kuma ba su tarwatse ba.

Gaskiyar da ke cikin dokar ita ce, kowane inji yana da iyakar matsin da zai ɗauka a kowane RPM, kuma iyakar tana sauka idan RPM ya sauka. Inda iyakar take, kamfanin da ya ƙera injin ya gwada, ya zuba a tebur. Duk haɗin da ka gani a teburin halal ne. Wanda babu shi a ciki, kada ka ƙirƙiro shi da ka.

Tsarin motsa liba kuma daga nan ya samo asali. Za ka ƙara ƙarfi: ja, shuɗiya, baƙa, wato daga dama zuwa hagu. Ka wadata inji da mai, ka ɗaga RPM, sannan ka tura totur. Za ka rage: baƙa, shuɗiya, ja. Manufar ita ce kada a tsakiyar canji ka ratsa ta wurin da matsi yake ƙololuwa, RPM yake ƙasa, mai kuma ya yi kaɗan. Kowace liba a hankali, daƙiƙa biyu zuwa uku daga wannan gefe zuwa wancan.

MaiSifana

Malam ya gama da ɓangaren matuƙi. Bari in ƙara abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, don shi ke nuna inda haɗarin yake da gaske.

Lokacin tartsatsin fulogi a waɗannan injinan a kafe yake, yawanci tsakanin digiri 20 zuwa 25 kafin fistan ya kai ƙarshen hawansa. Maganeto, na'urar da ke ba fulogi wuta, ba ya canza shi komai RPM. Wutar kuma tana ɗaukar kusan lokaci ɗaya kafin ta cinye man da ke silinda. Ana so matsi mafi girma ya zo bayan fistan ya juyo ƙasa da kamar digiri 15 zuwa 20. Idan ka sauke RPM, kiranshaf yana tafiya a hankali, sai matsin ya cimma fistan tun yana kusa da sama. Idan ka haɗa wannan da manifol cike da iska, da kan silinda mai zafi, da man da aka rage zuwa wurin da wuta ta fi sauri, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa a lokaci ɗaya maimakon ya ci a jere. Kamar mota ce a babbar giya tana hawan tudu an take mata totur, sai dai a mota kunnenka zai ji ƙarar, a jirgi kuwa ƙarar farfela da abin da ke kunnenka sun rufe komai. Alamar da za ka samu ita ce zafin kan silinda ɗaya yana hawa da sauri ba dalili. Idan abin ya yi tsanani yakan fasa farin tangaran ɗin fulogi, ya cinye gefen fistan, ya karya ringi. Magani nan take: rage totur, tura jar liba gaba, ƙara gudun jirgi don iska ta sanyaya.

Ka ga kenan abu huɗu ne ke haɗuwa, kuma inci da RPM biyu ne kawai daga ciki. Inci 26 a 2100 da kan silinda a digiri 350 na Faranhait ba komai ba ne. Inci 24 a 2400, wanda ya bi waccan doka sak, da kan silinda a 450 a cikin hawa mai tsawo da hanci a sama, shi ne ke kawo mana silinda kan teburin aiki.

Wani abin da ya fi waccan doka muhimmanci a jirginka shi ne jan baka da ke jikin agogon RPM. A yawancin Arrow 200 masu farfelar Hartzell ta asali mai fiffike biyu, an hana zama tsakanin 2100 da 2350. Ka lura teburin naka 2100 da 2400 ya ba ka, ya tsallake tsakiya. Dalilin girgiza ce: a wannan zangon bugun silindoji yana dacewa da yadda fiffiken farfela da kiranshaf suke karkarwa, ƙarfe ya riƙa gajiya ba tare da ka ji komai a kujera ba, ƙarshenta bakin fiffike ya tsage. A ratsa zangon a wuce, kada a zauna. Lambobin suna canzawa gwargwadon haɗin inji da farfela, don haka idan an taɓa canza wa jirgin farfela, takardar da ta zo da sabuwar ita ce abin bi.

Wannan ya kawo mu ga agogunan kansu. Agogon RPM mai waya idan ya tsufa yakan yi kuskuren 50 zuwa 100, wani ma fiye. Idan yana nuna 2400 alhali gaskiyar 2320 ce, kana zaune cikin jan baka ba ka sani ba. A sa injiniya ya gwada shi da ma'aunin haske da ake nuna wa farfela, aikin minti biyar ne. Na manifol kai ma za ka iya gwada shi kafin ka tada inji: ka ɗauki lambar matsin iska da ka saka a agogon tsayi, ka cire inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000 ta tsayin filin. Fili mai ƙafa 2,000 da lamba 29.92 ya kamata ya ba ka wajen 27.9. Idan kuma a silo allura tana tsayawa sama da inda ta saba, inji yana ɗan tari, a duba tiyo da gasket na hanyar iska ko siririn bututun agogon, akwai inda iska ke satar shiga.

Gwajin farfela kafin tashi, a Arrow ana yinsa a RPM 2000. Ka ja shuɗiyar liba baya sumul, da zarar RPM ya faɗi da 300 zuwa 400 ka mayar da ita, kada ka bari ya wuce 500. Abu uku ake kallo: RPM ya sauka, manifol ya hau, matsin man inji ya ɗan girgiza ya dawo. Ka kuma kalli gilashin gaba da murfin inji ko akwai feshin mai. Idan mai yana da sanyi, martanin farko zai yi nauyi, sai a sake sau ɗaya ko biyu har mai ɗumi ya shiga cibiya. Idan na farko ya amsa da kyau, sake ja har sau uku al'ada ce kawai, kuma tana ƙara tsotso tsakuwa zuwa bakin farfela. Farfelar da kullum take jan ƙafa ko da inji ya yi zafi, yawanci dattin dalma ne ya taru a ramin kiranshaf, ko matatar da ke gasket ɗin gwamna ta toshe.

TsohonHannu

Tambayar tashi ba a amsa ta ba tukuna, kuma a nan ina da saɓani da abin da makarantu da yawa ke koyarwa, wato da zarar taya ta shige a ja totur zuwa 25, a ja shuɗiya zuwa 2500.

Injin IO-360 na Arrow an amince masa ya yi aiki a 2700 da totur a buɗe ba tare da iyakar lokaci ba. Babu abin da ke tilasta maka taɓa komai kafin ka kai ƙafa 1,000 sama da filin, kuma tsayi shi ne abin da kake buƙata idan inji ya yi gardama. Bayan nan ma, ba sai ka ja totur ba. Hawa da kansa yana cinye inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000, don haka wanda ya tashi da 28 ya riga ya sauko 25 kafin ya kai ƙafa 3,000 zuwa 4,000. Wanda ya ja zuwa 25 tun a ƙafa 500, aikin da ya ba kansa shi ne ya riƙa tura totur kaɗan-kaɗan har ya dawo inda ya baro, hawansa kuma ya yi tsawo. A jirage masu kafireto, irin tsofaffin Cessna 182, abin ya fi haka: ƙarshen tafiyar totur yana buɗe wata hanyar ƙarin mai da ke sanyaya silinda. Ka ja totur inci biyu ko uku baya, ka rufe wannan hanyar, ƙarfi ya ragu kaɗan amma zafin kan silinda ya ƙaru.

Akwai injinan da dole a rage. Continental IO-520 da ke cikin Cessna 185 da wasu 206 yana ba da doki 300 a RPM 2850 na minti biyar kawai, sannan a dawo 2700 inda yake ba da 285. Wannan a rubuce yake a littafi da jikin allon jirgi. Sauke RPM kaɗan saboda ƙara ma dalili ne mai kyau. Farfela mai faɗin inci 80 a 2700, bakin fiffikenta yana gudun ƙafa 940 da ɗoriya a daƙiƙa, sama da kashi 80 cikin ɗari na gudun sauti, kuma daga nan ƙara take tashi, aikin farfelar kuma ya fara raguwa. Sauke 100 ko 200 yana kawo bambanci babba ga waɗanda ke ƙasa.

A hawa idonka ya fi zama a kan zafin kan silinda. Jan layin Lycoming yana 475 zuwa 500 na Faranhait gwargwadon inji, na Continental 460, amma waɗannan iyakar ƙarshe ce. Mai son silindarsa ta daɗe yana riƙe ta ƙasa da 400. Idan ta doshi can, sauke hanci ka ƙara gudu da not (ma'aunin gudun jirgi) 10 zuwa 15, ka buɗe ƙofofin iskar murfin inji idan jirgin yana da su.

Idan ka daidaita a tsayin tafiya, bar ƙarfin hawa har gudu ya cika, sannan totur, shuɗiya, ja. Wane haɗi za ka zaɓa tunda tebur ya ba da biyu ko uku masu ƙarfi ɗaya? A ganina mafi ƙarancin RPM da teburin ya yarda da shi, muddin inji yana tafiya sumul. Gogayyar cikin inji tana ƙaruwa da RPM, totur a buɗe yana rage wahalar zuƙa, farfela ta fi aiki, ɗakin jirgi ya fi shiru, mai ya ɗan ragu. Sai dai wannan zaɓin yana ƙarewa da tsayi. Wajen ƙafa 6,000 zuwa 7,000 totur ya ƙure kafin ka sami kashi 75, a 8,000 inci 21 zuwa 22 ne iyakar abin da iska za ta ba ka. Daga nan baƙar liba ta gama aikinta, a bar ta a gaba, shuɗiya ce ta zama ta ƙarfi: kana son gudu ka ɗaga zuwa 2500 ko sama, kana son tsimi ka sauke.

Akwai lissafin ka da ake yi idan tebur ba ya kusa: haɗa inci da lambobi biyun farko na RPM. Jimla 48 kusan kashi 75 ce, 45 kusan 65, 42 kusan 55. Kintace ne, yana kaucewa da tsayi da zafin iska, kuma za ka ga bai dace da teburinka sak ba a ƙasa-ƙasa. Matsi ɗaya da RPM ɗaya sun fi ba da ƙarfi a sama fiye da ƙasa, domin iskar ta fi sanyi kuma hayaƙi ya fi samun sauƙin fita.

SabonMatuƙi

Allah ya saka da alheri, malamai. Na duba, jan bakan yana nan kamar yadda Injiniya MaiSifana ya faɗa. Saura jar liba: tunda gwamna yana riƙe RPM, da me zan gane na rage mai daidai? Sannan a wajen sauka, yaushe ake tura shuɗiya gaba? Wani lokaci idan na tura, inji yana yin kururuwa, jirgi ya yi kamar an taka masa birki.

MalaminShawagi

Ka taɓo babban abin da ke rikita masu zuwa daga kafaffiyar farfela: gwamna yana ɓoye alamomin da ka saba gani a RPM. Ƙarfi ya ragu, shi kuma ya sassauta cizo, allura ba ta motsa ba. Saboda haka rage mai da agogon zafin hayaƙi ake yinsa, tare da agogon kwararar mai. Lycoming ta yarda a rage mai a kashi 75 ko ƙasa. Ka ja jar liba a hankali har zafin hayaƙi ya kai ƙololuwa ya fara juyowa. Ƙololuwar ita ce wurin tsimi. Kana son ƙarfi mafi yawa, ka mayar da liba gaba har zafin ya sauko da digiri 100 zuwa 150. Wurin da ya kamata ka guje wa idan ƙarfi yana da yawa shi ne wajen digiri 40 zuwa 50 ta ɓangaren yawan mai, nan ne wuta ta fi sauri, kan silinda ya fi zafi. A kashi 65 zuwa ƙasa abin da sauƙi. Duk lokacin da ka canza inci ko RPM, sai ka sake daidaita mai.

Ɓoyon bai tsaya nan ba. A jirgi mai kafireto, ƙanƙara idan ta fara taruwa, a manifol za ka ga inci yana zubewa, RPM yana nan daram. Maganeto ɗaya ya mutu a sama, RPM ba zai faɗa maka ba, zafin hayaƙi ne zai tashi a duk silindoji, gudu ya ɗan ragu.

A gangarowa kuma lissafin hawa ne ya juye: inci ɗaya yana ƙaruwa a kowace ƙafa 1,000. Ka baro 8,000 da totur a buɗe, inci 21, RPM 2100, man da ka rage a can sama. Idan ba ka taɓa komai ba, a ƙafa 2,000 kana kan inci 27 da wannan RPM da mai kaɗan, wato haɗin da Injiniya ya yi gargaɗi a kai. Sai ka riƙa ja da totur kana riƙe lambar da ka zaɓa, kana ƙara mai kaɗan-kaɗan. Kishiyar wannan ma ba ta da kyau: totur a rufe, hanci a ƙasa, iska tana juya farfela, farfela tana jan inji. Ringi ba sa zama da kyau idan babu matsi a kansu, fulogi suna yin datti, silinda tana hucewa da sauri. Lycoming ta ce kada sanyin kan silinda ya wuce digiri 50 a minti. Ka tsara gangarowa tun da nisa, ka riƙe inci 18 zuwa 20, kada ka daɗe ƙasa da 15 sai a zagayen sauka.

Kururuwar da kake ji, ka tura shuɗiya ne tun gwamna yana da iko. Ka ce masa 2700 alhali gudu da ƙarfi suna nan, shi kuma ya kwantar da fukafukan nan take, RPM ya yi tsalle, faffaɗar farfela ta tare iska. Jira sai ka rage totur, gudu ya sauka, ka ga RPM ya fara faɗowa ƙasa da inda ka saita shi da kansa. Wannan ke nuna fukafukan sun riga sun jingina da iyakar ƙaramin cizo. A lokacin ka tura liba, ba abin da za ka ji. Yawanci hakan yana zuwa bayan saukar da taya, a juyi na biyun ƙarshe ko a miƙe ta ƙarshe. Amma lallai ta kasance a gaba kafin ka kusanci titi, domin idan ka fasa sauka ka tura totur duka a kan RPM 2100, ƙarfin da za ka samu bai cika ba a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Game da 25 da 2500, Kyaftin TsohonHannu, ban ƙi maganarka ba ta fuskar inji. Sai dai inda littafin jirgi ko tsarin makaranta ya rubuta ƙarfin hawa, ɗalibi ya bi shi har ya gama jarrabawa, ba ya cutar da injin da ba kafireto gare shi ba.

MaiSifana

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: idan matsin mai ya ɓace. A jirgi mai inji ɗaya irin naka, mai ne ke tura fukafukai zuwa babban cizo. Famfon gwamna yana karɓar man inji ya ɗaga matsinsa zuwa wajen 200 zuwa 300 a ma'aunin psi. Idan man ya yanke, fukafukan su koma ƙaramin cizo, RPM ya haura jan layi. Don haka RPM da ya tashi da kansa, ko yake hawa yana sauka, kada ka ɗauka gwamna ne kawai ya lalace. Ja totur baya nan take, kalli agogon matsin mai da na zafinsa, ja shuɗiya baya ka ga ko tana da sauran iko, ɗaga hanci ka rage gudu har ka iya riƙe RPM ƙasa da 2700 da ɗan ƙarfin da zai kai ka fili mafi kusa. Idan matsin mai ma ya faɗi, ka ɗauka injin yana gab da tsayawa. A jirage masu inji biyu tsarin a juye yake, rashin mai yana kai fukafukai su miƙe da iska don rage ja, kada a haɗa su.

Idan inji ya mutu amma iska tana juya farfela kuma akwai sauran matsin mai, jan shuɗiya baya duka yana rage ja, ya ƙara maka nisan shawagi.

Bayan sauka ka rubuta RPM mafi girma da ka gani da tsawon lokacin da ya ɗauka, ka ba injiniya. Lycoming tana ɗaukar wucewar da ba ta kai sama da kashi 10 cikin ɗari ba, kuma ba ta wuce daƙiƙa uku ba, a matsayin ta ɗan lokaci. Abin da ya haura haka akwai binciken da za a yi wa inji, farfelar ma kamfaninta yana da nasa ma'aunin daban, kuma da waɗannan lambobi biyu za a san ko duba ta za a yi a jikin jirgi ko kwance ta.